Mai Ƙeƙasasshiyar Zuciya: Majinyaci Ne ko Mai Laifi?



Duk sa'ad da aka ji labarin wani kisa mai tayar da tsikar jiki, a ce mutum ya yaudari wanda ya amince da shi, ya hallaka shi, sannan ya wanke hannu ya zauna ya ci tuwonsa kamar ba abin da ya faru, za ku ji majalisa ta rabu biyu. Wasu su ce, "Kai, wannan ai mahaukaci ne, mai hankali ba zai aikata haka ba." Wasu kuwa su ce, "Wane irin hauka? Da hankalinsa garau, imani ne dai ba shi da shi." To, wannan gardamar da muke yi a bakin titi, ita ce likitocin ƙwaƙwalwa da lauyoyi da masana falsafa suka shafe sama da shekara 200 suna yi a Turai da Amurka, kuma har yau ba su rufe ta ba. Can suna kiran irin wannan mutum saikofat. A nan zan riƙa kiransa haka, wani lokaci kuma in ce mai ƙeƙasasshiyar zuciya.

Bari mu fara sanin wanda muke magana a kansa. Ba shi ne wanda yake yawo a bola yana surutai ba. Ba ya jin muryoyin da babu su, ba ya ganin abin da ba a gani. Sau da yawa ma ya fi kowa iya gaisuwa, bakinsa da zaƙi, ga fara'a, ga iya shiga ran mutane. Amma ƙarya a wurinsa ba ta da nauyi ko kaɗan, in an kama shi da ɗaya sai ya ɗora wata ba tare da ya ƙifta ido ba. Ba ya nadama. Kukan wanda ya cuta ba ya motsa masa komai. Yana cin amanar uwa da mata da aboki, kuma kullum laifin na wani ne. Mu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shi wannan fuskarsa ba ta ba da labarin komai sai abin da yake so ka gani.

Likitan nan na Faransa, Philippe Pinel, tun a 1801 ya rubuta cewa yana ganin wasu mutane masu mugun aiki alhali tunaninsu bai rikice ba. A 1835 wani likita a Ingila, James Prichard, ya ce akwai haukan da ɗabi'a kaɗai yake taɓawa, ya bar basira lafiya lau. Amma wanda ya zana hoton da ake aiki da shi har yau shi ne Hervey Cleckley, likitan ƙwaƙwalwa a jihar Jojiya ta Amurka, cikin littafinsa The Mask of Sanity na 1941. Abin da ya fi ɗaure wa Cleckley kai shi ne, mutanen nan ana kawo su asibiti daga hannun 'yan sanda, likita ya gwada su ya ga ba hauka, ya sallame su. Su sake ɓarna, a kai su kotu, lauya ya ce ai marasa lafiya ne, a dawo da su asibiti. Haka ake ta jifa da su tsakanin gida biyu, kowane gida yana cewa ba nasa ba ne.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A 1976 wata mai bincike, Jane Murphy, ta wallafa abin da ta gano a tsakanin Yarbawan karkarar Abeokuta da kuma mutanen wani tsibiri a yankin Alaska mai ƙanƙara. Al'ummu biyu da ba abin da ya haɗa su, amma kowace ta san irin wannan mutum, ta ware shi daban da mahaukaci, kuma masu maganin gargajiyarsu ba sa ɗaukarsa a matsayin wanda za su iya warkarwa.

To, yau ina likitoci suka ajiye shi? A nan ma kansu bai haɗu ba. Babban kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka, wanda ake kira DSM, bai ba saikofat babin kansa ba. Tun bugun 1980 abin da ya tanada shi ne lalurar ɗabi'a ta saɓa wa al'umma, kuma yawancin alamominta ayyuka ne da ake iya ƙirgawa: karya doka, faɗace-faɗace, yaudara, rashin riƙe aiki, ƙin biyan bashi. Sharaɗi ne mutum ya kai shekara 18, kuma a sami shaidar kangara tun kafin ya kai 15. Masu kundin sun zaɓi wannan hanya ne domin aiki ana ganinsa, zuciya kuwa ba a leƙa ta. Sai dai tsadar wannan zaɓi tana da yawa. In aka auna fursunoni maza a Amurka da wannan ma'auni, rabi ko fiye suna faɗawa ciki. Lalurar da ta kwashe rabin gidan yari kuwa, ba ta gaya maka komai sai abin da ka riga ka sani, wato mutanen nan sun karya doka.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Robert Hare, wanda ya fara aikinsa a gidan yari, shi ya bi ta wata hanyar. Ya tsara ma'auni, ya fitar da shi a 1980, ya gyara shi a 1991 ya zama mai sifofi 20, ana kiransa PCL-R. Ƙwararre zai zauna da mutum ya yi masa tambayoyi, ya kuma duba takardun tarihinsa, sannan ya ba kowace sifa maki 0 ko 1 ko 2. Ƙololuwa maki 40 ke nan. A Amurka da Kanada wanda ya kai 30 shi ake kira saikofat. A Birtaniya da wasu ƙasashen Turai sau da yawa 25 ake ɗauka. Da wannan ma'auni, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin mutum 1 cikin 100 a gari, da kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na fursunonin Arewacin Amurka.

Ku lura da wannan 30 da 25 ɗin. Mutum guda, mai maki 27, in yana Landan saikofat ne, in ya sauka Toronto ba shi ba ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa iyakar mutane ne suka shata ta, ba a cikin halitta aka tarar da ita ba. Shi ya sa nake ganin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi kusa da gaskiya a kundinta na ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. Ta rushe tsofaffin rukunonin nan, ta ce lalurar ɗabi'a guda ce, likita ya faɗi tsananinta, mai sauƙi ce ko matsakaiciya ko mai tsanani, sannan ya faɗi sifar da ta fi rinjaye, ciki har da rashin damuwa da haƙƙin mutane da abin da suke ji. Wato abin hawa-hawa ne. Akwai mai ɗan kaɗan, akwai wanda ya yi nisa.

Shin ciwo ne na gaske, ko mugun hali ne aka sa wa rigar asibiti? Akwai hujjojin da ba za a ture su ba. A 1957 David Lykken ya yi gwaji da fursunoni a Amurka: a kaɗa ƙararrawa, sai wutar lantarki ta ɗan ja mutum. Mai lafiya, bayan an maimaita, da ya ji ƙararrawa tafin hannunsa zai fara zufa don fargabar abin da ke tafe. Masu ƙeƙasasshiyar zuciya jikinsu bai cika nuna wannan fargaba ba. Bincike na baya ya nuna suna shan wahalar gane tsoro a fuskar mutum ko a muryarsa, kuma an ga bambanci a aikin wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, mai kula da tsoro, da kuma sashen gaba da ke bayan goshi. A 2005 Essi Viding da abokan aikinta sun duba dubban tagwaye 'yan shekara 7 a Birtaniya, suka ga rashin tausayi mai tsanani a yara yana da babban rabo na gado. Ba wanda ya zaɓi a haife shi da ƙarancin tsoro. Saboda haka ni ban da ja a kan likita ya rubuta wannan hali cikin kundinsa, ya nazarce shi, ya nemi maganinsa.

Inda nake da ja shi ne a ɗauki takardar likita a miƙa wa alƙali a ce ta gama magana. Tambayar da likita yake yi daban, wadda alƙali yake yi daban.

A Janairun 1843 wani mutum mai suna Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren firayim ministan Birtaniya Robert Peel, cikin ruɗun cewa jam'iyyar da ke mulki tana farautarsa. Kotu ta wanke shi saboda hauka, gari ya ɗauki zafi, har Majalisar Iyayen Ƙasa ta nemi manyan alƙalai su fayyace ƙa'ida. Ƙa'idar da suka fitar ita ce: ba a ɗauke wa mutum alhaki sai in ciwon hankali ya hana shi sanin abin da yake aikatawa, ko ya hana shi sanin cewa laifi ne. Wannan ƙa'ida ta zagaya yawancin wuraren da Ingila ta yi mulki. Mu ma nan, sashe na 51 na Penal Code ɗin Arewa da ya fara aiki a 1960 a kanta ya ginu. Sashe na 28 na Criminal Code ɗin Kudu ya ɗan faɗaɗa, ya ƙara da wanda ciwo ya hana shi iya riƙe kansa. A fiƙihu kuma mun san sharaɗin mukallafi shi ne hankali da balaga. Mahaukaci in ya yi kisa ba a yi masa ƙisasi, diyya ce take hawa kan danginsa. Amma ban san wani babi da ya sauke wa mutum alhaki don zuciyarsa ta bushe ba. Malamai suna lissafa bushewar zuciya cikin cututtukan zuciya da ake neman tsari da su, kuma mai ita yana nan a mukallafinsa.

In muka ɗora saikofat a kan wannan sikeli, ba ya tsira. Ya san wuƙa wuƙa ce. Ya san doka ta hana. Yana zaɓar lokacin da ba kowa, yana ɓoye gawa, yana shirya ƙaryar da zai faɗa wa ɗan sanda. Mai ɓoye laifi ya san laifi ne. Shi ya sa kundin dokar laifuka na misali da Cibiyar Shari'a ta Amurka ta fitar a 1962 ya faɗa ƙarara cewa lalurar da ba ta da wata alama sai maimaita laifi ba ta zama uzuri.

Ingila ta ɗan buɗe wata ƙofa. A ƙarshen 1959 wani mai suna Patrick Byrne ya kashe wata budurwa a masaukin 'yan mata a Birmingham, kisa mai muni ƙwarai. Likitoci suka shaida cewa saikofat ne mai muguwar sha'awar da ke yi masa wuyar dannewa. A 1960 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa wannan ya shiga ƙarƙashin ragaggen alhaki da dokar 1957 ta tanada, ta sauya sunan laifin daga kisan kai na ganganci zuwa wanda bai kai shi ba. Amma ɗaurin rai da rai da aka yi masa, ta bar shi yadda yake.

Akwai masana masu nauyi da suke ganin duk wannan zalunci ne, kuma ya kamata mu saurare su da kyau. Stephen Morse, farfesan shari'a a Jami'ar Pennsylvania, ya rubuta a 2008 cewa wanda abin ya yi wa tsanani bai cancanci zargi ba. Hujjarsa ita ce, abin da yake hana ni da kai cutar da mutum, kafin tsoron ɗan sanda, shi ne muna jin zafin da zai ji. Wanda aka halitta ba shi da wannan ji, sanin da ya yi wa laifi sanin baki ne. Kamar mai mura ne a gaban miya: an gaya masa akwai daddawa a ciki, zai iya maimaita maka, amma ƙamshin bai taɓa isa hancinsa ba. Ta yaya, in ji masu wannan ra'ayi, za ka hukunta mutum don bai amsa kiran da kunnensa ba ya ji ba?

Hujja ce mai ƙarfi, kuma na daɗe ina juya ta. Amma ban karɓe ta ba. Da farko, ginshiƙinta na bincike ya yi rauni. A 1995 James Blair ya gwada wasu tsirarun fursunoni a asibitocin tsaro na Ingila, ya ga kamar ba sa bambance laifin da ke cutar da mutum da saɓa wa al'ada kawai. An daɗe ana kafa hujja da wannan. Sai a 2012 Eyal Aharoni da abokan aikinsa suka sake gwajin da fursunoni sama da 100, da tsari mafi tsauri, suka ga masu makin sama suna bambancewa kamar sauran. Sun sani. Damuwa ce ba su yi ba.

Sannan ita doka ba ta taɓa neman mutum ya ji tausayi ba. Abin da take nema shi ne ya san iyaka, kuma ya iya tsayawa a bakinta. Mutane nawa ne ba sa sata don tsoron kunya kawai, ko tsoron kamu? Ba mu tambayar dalilinsu, mun gode da suka bari. Saikofat ma yana da dalilan bari, ko da ba na tausayi ba ne, kuma muna ganin yana amfani da su: ba ya aikata ɓarnarsa a gaban wanda ya fi ƙarfinsa. Akwai kuma masu irin wannan ƙwaƙwalwa da ba su taɓa zubar da jini ba. James Fallon, masanin ƙwaƙwalwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ya tarar hoton ƙwaƙwalwarsa ya yi kama da na makasan da yake nazari, ya rubuta littafi a kan haka a 2013. A lokacin ga shi farfesa, mai mata da 'ya'ya. Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna inda mutum ya karkata. Ba ya nuna abin da ya faru a ransa daren da ya ɗauki makami.

An gwada wannan a kotu. A 2009, a jihar Illinois, aka zo yanke wa Brian Dugan hukunci kan kisan wata yarinya 'yar shekara 10 da ya yi a 1983. Lauyoyinsa suka kawo Kent Kiehl, masanin da ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar fursunoni masu yawa, ya shaida cewa makin Dugan ya kusa cika 40, kuma ƙwaƙwalwarsa irin ta saikofat ce. Masu taya alƙali yanke hukunci suka saurara, suka yanke masa kisa. Bai mutu a hannun hukuma ba, domin jihar ta soke hukuncin kisa a 2011. Abin da ba na so mu manta a wannan shari'a shi ne, kafin a kai ga Dugan, an riga an yanke wa wasu mutum biyu hukuncin kisa a kan wannan laifi, suka shafe shekaru a kurkuku kafin a gane ba su ba ne. Kotu tana kuskure a kan abin da ya riga ya faru. Ina ga abin da bai faru ba tukuna?

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a duk lamarin. Yau a kotunan Yamma, kalmar saikofat ba ta cika sauke wa mutum kaya ba, ƙara masa take yi. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2012 ya ba alƙalai 181 na Amurka labarin shari'a guda, ta wani da aka ce saikofat ne. Laifin da suka ce sukan yanke wa kimanin shekara 9, sai ga shi sun kai shi kusan 14. Waɗanda aka yi wa bayanin ƙwaƙwalwa da gado suka rage zuwa kusan 13. Ragin shekara guda, bayan ƙarin huɗu ko biyar.

Abin bai tsaya nan ba. A 1997 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta amince wa jihar Kansas ta ci gaba da tsare Leroy Hendricks, mai lalata da yara, bayan ya gama wa'adinsa, bisa dokar da ta ba da damar tsare mai lalurar hankali ko ta ɗabi'a da ake tsoron zai sake. Jihohi kusan 20 suna da irin wannan doka, kuma ma'aunin Hare yana cikin abin da ake yawan kawowa a zaman. A Ingila, bayan kisan Lin Russell da 'yarta Megan a Kent a 1996, wanda aka ɗaure Michael Stone a kansa, aka yi ta yaɗa cewa likitoci sun ƙi riƙe shi don ba ya jin magani. Gwamnati ta fito a 1999 da wani rukuni da ba a kundin likita aka samo shi ba, na masu lalurar ɗabi'a mai tsanani da haɗari, ta buɗe musu sassa a Rampton da Broadmoor da gidajen yarin Whitemoor da Frankland. An kashe kuɗi masu yawa, bayan kimanin shekara goma aka sauya tsarin.

Ni ba na jayayya cewa akwai mutanen da sakinsu haɗari ne, kuma haƙƙin al'umma ne ta kare 'ya'yanta. Wanda aka kashe wa ɗa ba ya bukatar a karanta masa falsafa. Amma ku dubi yadda ake yi: ranar shari'a a ce masa, "Kai mai hankali ne, ka san abin da ka yi, ga hukuncinka." Ranar da ya gama biya, a ce masa, "Kai marar lafiya ne, ba ka iya riƙe kanka, koma ciki." Ba zai yiwu ya zama mai cikakken iko da kansa lokacin da ake son ɗaure shi, sannan ya zama marar iko lokacin da ya kamata a sake shi ba. In laifinsa ya kai na rai da rai, alƙali ya yanke masa haka a fili, a kan abin da ya aikata, da hujjar da za a iya ɗaukaka ƙara a kanta. Kada a ɓoye ɗauri a cikin rigar jinya.

Kuma wa ya ce ma'aunin ba ya kuskure? A Texas an yi wani likita, James Grigson, wanda ya ba da shaida a shari'o'in kisa sama da 100, kusan kullum yana cewa wanda ake tuhuma ba shi da zuciya kuma tabbas zai sake kisa, wani lokaci ba tare da ya taɓa zama da shi ba. Ya faɗi haka a kan Randall Dale Adams, wanda aka yanke wa kisa a 1977 kan harbe ɗan sanda a Dallas. A 1989 aka sake Adams, domin ba shi ya yi ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta kori Grigson a 1995. Za a ce wannan tsohon zamani ne, yanzu akwai ma'auni. To, a 2013 Daniel Murrie da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwararru sama da 100, suka biya su, suka ba su takardun masu laifi iri ɗaya, amma aka sa wasu suka ɗauka masu gabatar da ƙara suke yi wa aiki, wasu kuma masu kare wanda ake tuhuma. Na ɓangaren ƙara suka ba da maki sama, na ɓangaren kariya suka ba da ƙasa. A Kanada kuwa, inda aka haifi ma'aunin, Kotun Ƙoli ta yanke a 2018, a ƙarar Jeffrey Ewert, cewa hukumar gidajen yari ta gaza a aikinta da ta ci gaba da auna fursunoni 'yan asalin ƙasar da irin waɗannan ma'aunai ba tare da ta tabbatar sun dace da su ba. In haka ta faru a can, duk ranar da wani lauya ya shigo da wannan takarda kotu a Kano ko Damagaram, tambayar farko da ta kamaci alƙali ita ce: a kan su wa aka gwada ta?

Saura maganar magani. An daɗe ana cewa hali zanen dutse, saikofat ba ya gyaruwa, har ma jinya ƙara lalata shi take yi. Tushen wannan magana wani bincike ne na 1992 a kan asibitin tsaro na Oak Ridge a lardin Ontario, inda aka ga kashi 77 cikin 100 na masu ƙeƙasasshiyar zuciyar da aka yi wa jinya sun sake laifin zubar da jini ko cin zarafi, a kan kashi 55 na irinsu da aka bari a kurkuku. Amma wace irin jinya ce? Ana kulle mutane tsirara a ɗakin da ba taga na kwanaki, ana ɗura musu ƙwayoyi masu juya hankali irin su LSD, majinyatan ne kuma suke jagorantar junansu. A 2020 kotu ta ba wasu tsofaffin majinyatan wurin gaskiya a ƙarar da suka shigar. Azaba ce aka gwada ta kasa, sai aka rubuta cewa magani ne ya kasa.

Gaskiya ne har yau babu wata ƙwaya ko allura da ke dasa tausayi a zuciyar babba. Amma a wurin yara labarin ya bambanta. A 1995 jihar Wisconsin ta buɗe cibiyar Mendota don matasan da sauran gidajen horo suka gaza da su, waɗanda suka fi kowa kangara. Masu cibiyar, irin su Michael Caldwell da Gregory Van Rybroek, sun lura da abin da gwajin Lykken ya nuna tun 1957: yaron da ba ya jin tsoro, horo ba ya koya masa komai sai ƙarin taurin kai. Amma yana son lada. Sai suka juya tsarin. Kowace rana ana auna halinsa, in ya kyautata yau, gobe ya ga sakamako a hannu, ƙarin lokacin wasa ko wani abin marmari. In ya ɓata, ya rasa na ɗan lokaci, kuma ƙofar dawowa a buɗe take. Ma'aikata ba sa rama tsiwa da tsiwa. Da aka bi sawun yaran shekaru bayan sakinsu, sake aikata laifin cin zarafi a cikinsu ya yi kusan rabin na takwarorinsu da aka tsare a gidajen horo na yau da kullum. Ba a ce sun koma masu taushin zuciya ba. An dai sami mutanen da ba a kashe ba, da waɗanda ba a raunata ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa ma likitoci suke guje wa kiran yaro saikofat. Kundin DSM na 2013 cewa ya yi a rubuta yaron yana da ƙarancin tausayi da nadama, domin yaro bai gama ginuwa ba, kuma suna irin wannan in ya manne ba ya fita.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Iyaye da yawa in yaro ya gagare su, sata, ƙarya, cin zalin ƙanne, azabtar da dabbobi, ba su da wurin kai shi sai gidan mari. Mun tuna Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Yawancin irin waɗannan yara ba masu ƙeƙasasshiyar zuciya ba ne. Wasu ƙwaya ce, wasu talauci da rashin kulawa, wasu ciwon da likita zai iya magancewa. Su duka yana karya su. 'Yan ƙalilan ɗin da zuciyar tasu ta fara bushewa da gaske kuwa, su ne bulala ba ta ratsawa, sai dai ta koya musu cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Ba na zargin uwar da ta rasa yadda za ta yi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kaɗan a kan mutum sama da miliyan 200, kuma asibitoci irin na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri sun yi wa mutanen ƙauye nisa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙoƙi a rubuce. Abin da tsarin Mendota yake ci kuwa ma'aikata ne masu horo da haƙuri, da littafin da ake rubuta halin yaro kullum, da ladan da ake cika alkawarinsa. Kuma gidajen horon yara da gwamnatocin jihohinmu suke da su a yanzu za su iya fara gwada wannan da yara goma ko ashirin, a bi sawunsu shekara biyar, a ga abin da zai fito.